Kunnen Shamuwa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ruwa bai yi masa daɓe ba, ya ɗaga sama bai kafa mata dirka ba, ya saki iska bai ɗaura mata akala ba. Ku matso, masu sauraro. Wanda ya sami tabarma ya zauna, wanda bai samu ba ya jingina da ɗan'uwansa.

Ni ce Tasalla, wadda mutanen Tekun Shuni ke kira Aku, domin tun ina goye babu muryar da ta shiga kunnena ta kasa fitowa ta bakina. Na kwaikwayi ladan har unguwa ta yi alwala rana tana tsaka. Na kwaikwayi kaza har zakara ya biyo ni ɗaki. An doke ni a kan bakin nan, an kuma ba ni tukwici a kansa, wani lokacin a yini guda. Yau ba labarin dariya na kawo muku ba, amma in dariya ta tare ku a hanya kada ku danne ta. Ni ma ban danne ba.

Ku sani jiragen Tekun Shuni ba kamar naku ba ne. Ana sassaƙa su da katako irin na kowa, sai allo ɗaya tak a can baya, daidai mazaunin matuƙi, wanda ake yankowa daga wata itaciya da ake kira maji. Wannan allo shi ne kunne. Muryar da ya fara ji ranar da aka kafa shi, ita zai bi har ya ruɓe. Mai muryar ya ce dama, jirgi ya yi dama. Ya ce tsaya, jirgi ya tsaya. Wani kuwa, ko da sarki ne, ya yi ta ihu har maƙogwaronsa ya tsage.

Namu jirgin sunanta Shamuwa, mace muke ɗaukarta, kuma muryar mijina ta sani. Ba mu da ɗaki a tudu. A cikinta aka kai ni, a cikinta nake girki, a jikin igiyoyinta nake shanya. Shi kuwa mai jirgin buri ɗaya ke gare shi, ya ga Mafarin Iska, inda aka ce iskokin duniya ke kwana a kogo guda kamar tumaki, da asuba a kora kowace hanyarta. Mun ratsa tsibirin da mutanensa ke barci a tsaye. Mun ɗebi ruwa a rijiyar da ke tsakiyar teku, wadda gishiri bai taɓa shiga ba. A Mashigin Ƙaho 'yan fashi suka kewaye mu da kwale-kwale, na shige ƙarƙashin bene, wato rufin cikin jirgi, na yi kukan uwar kifaye, wanda muka taɓa ji daga nesa. Suka watse, har babbansu ya bar rabin wandonsa a ƙugiyarmu. Mai jirgi ya yi dariya har ya kasa cewa hagu, muka kusa hawa dutse.

Abin da 'yan fashi suka kasa, zazzaɓi ya yi. Masuntan wani ɗan tsibiri su suka yi masa sutura, suka binne shi a gindin giginya. Na yi takabata a cikin jirgi, ina kallon giginyar ta taga. Da na fita takaba na kwance igiya, na zauna a mazauninsa, na ce, "Mu tafi." Shamuwa ko motsi. Na lallashe ta, na zage ta, na doke ta da muciya. Can, ban san sanda na yi ba, sai na ji bakina ya ce, da 'yar dusasshiyar muryar nan tasa mai jan ƙarshen magana, "Taso, 'yar gari, rana ta yi."

Jirgi ya girgiza kamar godiyar da ta ji takun mai ita. Filafili, wato babban ƙyallen da ke kama iska, ya cika ya yi tumbi. Muka tafi.

Shamuwa ba ta san ya mutu ba. Ni kuma ban faɗa mata ba. A duk faɗin duniya mu biyu muka rage waɗanda muryar nan ke tayarwa, kuma ɗayarmu ba ta san ƙarya ce ba. Da la'asar nakan ce da muryarsa, "Aku, miyar nan gishiri ya yi yawa," in amsa da tawa, "To a je teku a kai ƙara." Sai in ji katako yana 'yar ƙara a ƙarƙashina, irin wadda yake yi in muna raha.

Amma ruwa ya fara shigowa. Da fari ƙwarya guda nake kwalfewa da safe, daga baya na koma ina kwalfa ina tuƙi, ina kwalfa ina cin abinci. Dole na juya zuwa Kwatar Guduma, inda duk jirgin da ya gaji ke zuwa a yi masa gyara.

Tun daga nesa za ka ji garin kafin ka gan shi, guduma na amsa wa guduma. Jirage a kwance bisa tudu kamar shanu a mayanka, hayaƙin ƙaro ya rufe sama. Na shigo a hankali, na ce da muryar mai jirgi, "Tsaya, 'yar gari." Sai ga wata tsohuwa ta jefar da abin da ke hannunta ta taho tana jan ƙafa ɗaya, zane a ɗaure a ƙugu, hannuwa baƙi ƙirin da ƙaro. Ita ce Gwaggo Shekara, shugabar masu gyara, wadda babu jirgin da ke barin kwatar sai da yardarta.

Ta ɗaga murya ta ce, "Anaruwa! Kai ɗan nema, ashe kana duniya? Fito in ga ko gemun ya yarda ya fito!"

Sunan nan da kuka ji, bakin Gwaggo ne ya faɗe shi, ba nawa ba. Mijina ne na fari, ban taɓa kama sunansa ba, kamar yadda uwata ba ta taɓa kama na ubana ba.

Na leƙo na durƙusa. "Sannu da aiki, Gwaggo."

"Yauwa, sannu. Ke ce wadda ya ɗauko? A hannuna ya koyi riƙon guduma, ya gudu bai yi sallama ba. Ce masa ya fito, ba dukansa zan yi ba. Ko da yake zan yi."

"Gwaggo, ya riga mu gidan gaskiya."

"Ke, bar wasan banza. Yanzu na ji shi da kunnena."

Na sunkuyar da kai na sake cewa, "Tsaya, 'yar gari."

Tsohuwa ta zauna daɓas a cikin yashi. Ta yi salati, ta yi masa addu'a, ta share fuska da gefen zane har ƙaro ya ɓata mata kumatu. Ta ce, "Kada ki ƙara yin wannan a gabana." Ta dubi ruwa. Sannan ta ce, "Ƙara yi sau ɗaya."

Washegari aka ja Shamuwa bisa gungumen giginya zuwa tudu, aka tokare ta da dirkoki. Ban yarda na sauka gidan kowa ba. Aka jingina mini tsani, ina hawa da tulu a ka, ina girki a sama, hayaƙina na gauraya da na masu gyara. Maƙwabtana duk irina ne, mazauna jirage. Matar da ke jirgin dama takan miƙo mini garwashi a kasko da dogon gora, ni kuma in biya ta da muryar mijinta in yana neman hularsa, har sai ta riƙe ciki.

Aka shiga aiki. Na kankare katantanwa da gansakuka daga cikin Shamuwa har tafin hannuna ya yi kanta. Aka zare tsohuwar audugar da ke tsakanin alluna, ta fito baƙa tana wari. Gwaggo ta nuna mini yadda ake murza sabuwa, a cusa ta da ƙarfe mai faɗin baki, a bi da ƙaron da aka dafa da man kaɗanya tun yana zafi. Aka sauya wutsiya, allon da ke juya jirgi a ƙarƙashin ruwa, domin tata ta tsage. Aka kafa mini indararo daga rumfa zuwa randa, don in tari ruwan sama.

Mai ɗinkin filafili wani tsoho ne, Baba Korau, mai magana ta hanci, mai tsoron matarsa kamar mutuwa. Rana ɗaya ya cika ni da surutu, sai na juya baya na kira shi da muryarta. Ya zabura ya bar allura a cinyarsa. Da ya gane ya dawo yana huci.

"Aku, Allah zai saka mini. Shekaruna sun fi ƙarfin irin wannan gudun."

"Ai gani na yi jinin bai gudana, Baba, na ce in taimaka."

"Taimaki kanki. Zo ki riƙe nan."

Ya rage wa filafilin faɗi, ya ƙara wani ƙarami a goshin jirgi. Ya tattaro bakin dukan igiyoyi ya dawo da su kusa da mazaunin matuƙi, ya ce, "Yanzu ko mutum ɗaya ya isa." Yana faɗa ya ji abin da ya faɗa, ya duƙa yana neman allurar da ke hannunsa. Masassaƙa kuma suka ce gadon ya yi faɗi, a rage shi a sami wurin randa ta biyu. Na ce to. Na tafi bakin ruwa har suka gama.

Duk wannan na jure. Abu ɗaya nake ɓoyewa. Tun muna teku na taɓa kunne da yatsa, yatsan ya shige kamar cikin dafaffen rogo. Tsutsar ruwa ta cinye shi daga ciki, fatar kawai ta rage. Na sani in aka cire shi, babu sauran abin da zai ji muryar mai jirgi ya motsa.

A Kwatar Guduma, in an gama gyara, akwai ranar ƙwanƙwasa. Gwaggo kan bi jirgi allo allo da 'yar gudumarta tana saurare. Lafiyayyen katako yakan ce ƙwas. Ruɓaɓɓe yakan ce luf. Na zauna na yi nazarin tafiyarta a jiragen maƙwabta: ta buga, ta ja ƙafa, ta buga, ta ja ƙafa. Ranar tamu na ce kaina na ciwo, na shige ƙarƙashin bene, na manna kumatuna a bayan kunne.

Ta faro daga goshi. Ƙwas, ta ja ƙafa. Ƙwas, ta ja ƙafa. Tana isowa kunne ta buga, na rufe luf ɗin da ƙwas daga bakina, mai kyau, har da ɗan amon da ke biyo baya. Ta sake bugawa, na sake ba ta. Na ji ta ja ƙafa, na ce ƙwas.

Sai kwata ta ɗauki dariya. Ashe ɗaga gudumar ta yi ba ta sauke ba.

"Fito, ja'ira," in ji Gwaggo. "Na tsufa a sana'ar nan, ban taɓa ganin jirgin da ke amsawa tun ba a tambaye shi ba."

Na fito ina kakkaɓe zane. Ta sa babban yatsa a jikin kunne ta danna, ya nutse har gaɓa. Dariya ta mutu.

Na ce, "Gwaggo, a bar mini shi. A shafe shi da ƙaro, a rufa masa wani allon a kai."

"In rufa masa, ya ji ta ina? Kuma tsutsa ba ta san ƙaro ba. Daga nan ƙashin bayan jirgi za ta shiga. Kafin damina ta fita babu kunne, babu Shamuwa, babu ke."

"To in na nutse, ina ruwan wani?"

"Ruwana ne. Ɗaya ya tafi bai yi mini sallama ba, ba zan ƙara ta biyu da hannuna ba."

Ta kira masassaƙa suka sa ƙarfe za su ɓamɓare shi. Allon da yatsa ke hudawa, ƙarti suka taru a kansa ya ƙi. Ƙusoshinsa suka riƙe kamar haƙoran kada. Gwaggo ta ce su bari. Ta ce kunne ba ya sakin jirgi muddin yana zaton mai shi na raye. Sai wanda ya zauna a jirgin tare da mamacin ya durƙusa ya faɗa masa, da muryar kansa, kuma ya kama suna.

Na ce wannan mai sauƙi ne. Na durƙusa na ce da muryar mai jirgi, "Saki, 'yar gari." Jirgi ya yi rawa a kan dirkoki don murna, ƙusoshi suka ƙara shigewa. Na ari muryar Gwaggo na kama sunan, domin da bakin wasu na sha kama shi, in ina son in tsokane shi ya waiwaya. Allo bai kula ba. Na ari ta Baba Korau, har ta hancin. Babu wanda ya yi dariya.

Na dawo tawa. Na ce, "Mai jirgi ya rasu."

Gwaggo ta ce, "Teku cike take da masu jirgi."

"Maigida ya rasu."

"Kowane gida da nasa."

"Gwaggo, ba a yi. Ke ma kin sani ba a yi."

"Na sani, 'yar nan. Ni ma sai da na yi. Kunnen jirgina a gindin waccan kukar aka cire shi." Ta juya ga mutane. "Ku kuma me kuke kallo? Ba ku da aiki?"

Suka ba mu baya, amma ba su tafi ba.

Na dafa allon da hannu biyu. Rana ta gasa shi, yana da ɗumi kamar goshin mutum. Sunan da na yi shekaru ina kewaye shi kamar rijiya, na buɗe baki na faɗa ciki.

"Anaruwa."

Ban san haka sunan yake da daɗi a baki ba. Kuma wauta irin tawa, sai na tsaya ina jira. Wallahi jira na yi in ji an ce na'am. Tsuntsayen teku na kuka, ƙaro na tafasa a tukunya, wani yaro can nesa na kiran akuya. Na jira har na gane.

"Anaruwa ya rasu, Shamuwa. Tun tuni. Ni ce nake yi miki ƙarya."

Ƙusoshi suka zubo cikin yashi ɗaya bayan ɗaya. Allon ya faɗo a cinyata, ba nauyi, kamar busasshiyar ƙwarya.

Sabon kunne a naɗe yake zuwa, cikin auduga da fata, don kada ya ji kowa a hanya. Ranar kafa shi duk kwata kan yi shiru. Da hantsi aka ajiye guduma, aka kife zakaru da kwanduna, aka kai jarirai bayan gari, aka ɗaure wa jakuna baki. Da ƙusoshin itace ake kafa shi, ana murza su da hannu, ba a bugawa. Garin da ba ya jin kansa don ƙara, ran nan har numfashin teku ana ji.

Ni kuwa na riga na ƙulla abina. Sabon allo bai san kowa ba, bai san wa ya mutu ba. Ana zare audugar zan ce, "Taso, 'yar gari," da muryar da na sani, komai ya koma yadda yake. Tun da safe nake gwada ta a zuci. Gwaggo ta dube ni kafin a fara, ta ce a hankali, "Bakinki ne, jirginki ne. Amma abin da kika ba shi yau, da shi za ki tsufa." Na ce na ji.

Aka murza ƙusa ta ƙarshe. Gwaggo ta kwance fata, ta zare auduga, ta ja da baya. Ga allo fari tas, yana ƙanshin ɗanyen itace, babu tabon hannunsa, babu inda gwiwarsa ta goge. Na durƙusa. Na cika ƙirji, na gyara harshe, na sa muryar a inda take zama. Na buɗe baki.

Abin da ya fito ba nasa ba ne, kuma ba irin wanda na taɓa ji a bakin wani ba ne, balle in ce aro na yi. Wani kuka ne ya taso tun daga cibiya, mai kaushi, mai karyewa a tsakiya. A gindin giginya ban yi shi ba, a takaba ban yi shi ba. Na sa hannu in toshe, ya fita ta tsakanin yatsu.

Shamuwa ta girgiza a kan dirkokinta. Ta karɓa.

Baba Korau ya cire hula. Gwaggo ta ce, "Shi ke nan, ya kama," ta zo ta rungume kaina, ta ɓata mini kallabi da ƙaro.

Da aka mai da jirgi ruwa, babu ɗigo ɗaya da ya shigo. Na ce dama da muryata ta kullum, Shamuwa ba ta ji ba. Na waiwaya na ga tsohuwar nan a tsaye a yashi tana ɗaga guduma, kukan nan ya taso mini, na sake cewa dama. Jirgi ya juya kamar an shafa masa mai. A nan na gane abin da na ba shi.

Na daɗe ban sha wahalar tuƙi ba. Muryar tana nan a kusa, ko ba a kira ta ba tana zuwa. Da ita na ratsa ruwan da ke tafasa ba wuta, da ita na wuce garin da aka gina a bayan kunkuru, ina bin hanyar Mafarin Iska, tunda wani ya fara ta dole wani ya ƙarasa.

Sai wata safiya, bayan damina ta zo ta wuce, ina suyar kifi, wani tsuntsu ya sauko ya sure shi daga kasko, zafi ya sa ya sake shi, ya bi shi yana zagi da yarensu. Na yi dariya har na zauna. Na ɗago ke nan na hangi dutse a gabanmu, baƙi, ruwa na fashewa a kansa. Na ce, "Hagu!"

Shamuwa ta miƙe abinta.

"Hagu! Hagu, don Allah!"

Na nemi kukan a inda yake zama, na tarar ba ya nan. Na tuno giginya, na tuno gadon da aka rage, na kira sunan da ƙarfi. Zuciya ta yi nauyi, amma murya ta fito sumul. Dutse na matsowa har ina ganin kaguwa a jikinsa.

Sai na yi abin da na iya. Na tuno wata mata da na taɓa ji a Kwatar Guduma, durƙushe gaban farin allo. Na ɗauko kukanta, da kaushinsa, da inda yake karyewa, na ce hagu da shi. Ban kuskure ko kaɗan ba, ni ban taɓa kuskure murya ba. Jirgi ya kauce, dutse ya wuce ta damanmu har ya shafi igiya.

Na koma na zauna gaban kaskon da ba kifi, na daɗe ban tashi ba.

Har yau haka nake tuƙi. Masunta in sun jiyo ni daga nesa sukan ajiye taru su ce, Allah sarki, baiwar Allah nan har yanzu ba ta daina kukan mijinta ba. Ni kuwa in ɗaga musu hannu, ido a bushe, in ce a raina, da ma gaskiya ne.